Charles Lindbergh: Matuƙin da ya haɗa New York da Paris cikin sa'o'i 33 da rabi

A yau jirgin saman fasinja kan ɗauki sa'o'i bakwai zuwa takwas tsakanin birnin New York na Amurka da birnin Paris na Faransa, tafiyar da ta kai kimanin kilomita 5,800. Mutumin da ya fara yin wannan tafiya ta sama ba tare da ya yada zango ba shi ne Charles Lindbergh, a cikin watan Mayun shekara ta 1927, inda ya shafe sa'o'i 33 da rabi shi kaɗai a cikin wani ƙaramin jirgi mai inji ɗaya. Wannan tafiya ta mayar da shi ɗaya daga cikin mutanen da suka fi shahara a duniya yana ɗan shekara 25, to amma shaharar ta zo masa da masifa a cikin gidansa, daga bisani kuma matsayin da ya ɗauka game da Jamus ta Hitler ya zubar masa da mutunci a idon da yawa daga cikin 'yan ƙasarsa.

Tasowarsa

An haifi Charles Augustus Lindbergh a ranar 4 ga watan Fabrairun 1902 a birnin Detroit da ke jihar Michigan, amma ya taso ne a wata gona da ke gaɓar kogin Mississippi kusa da garin Little Falls a jihar Minnesota. Mahaifinsa, wanda aka haifa a ƙasar Siwidin, lauya ne da ya wakilci yankinsu a Majalisar Wakilan Amurka daga 1907 zuwa 1917, kuma yana cikin 'yan siyasar da suka nuna adawa da shigar Amurka Yaƙin Duniya na Ɗaya. Mahaifiyarsa kuwa malamar kimiyyar sinadarai ce. Zaman iyayen nasa bai yi daɗi ba, shi kaɗai ne kuma ɗan mahaifiyarsa, lamarin da ya sa ya taso da son kaɗaici da ɗawainiya da injuna fiye da shiga cikin jama'a.

A shekara ta 1920 ya shiga Jami'ar Wisconsin domin karatun injiniya, to sai dai karatun bai karɓe shi ba, inda ya bar jami'ar a farkon 1922 ya nufi wata makarantar koyon tuƙin jirgin sama a birnin Lincoln na jihar Nebraska. A wancan zamani matuƙa kan zaga ƙauyuka suna wasanni da jirage domin 'yan kallo su biya kuɗi, shi ma ta haka ya fara samun abin kai wa bakin salati, yana tafiya a kan fiffiken jirgi a sararin sama, yana kuma dirowa da laima. A 1923 ya sayi wani tsohon jirgin soja a kan dala 500, a shekarar da ta biyo baya kuma ya shiga makarantar mayaƙan sama a jihar Texas, inda ya kammala a watan Maris na 1925 a matsayin na ɗaya a ajinsu.

Aikin da ya fi gogar da shi shi ne jigilar wasiƙu tsakanin biranen St. Louis da Chicago, tafiyar kimanin kilomita 450, wanda ya fara a 1926. Aiki ne mai haɗarin gaske, domin ana yinsa ne da dare, cikin hazo da dusar ƙanƙara, ba tare da na'urorin da ke nuna hanya ba. Sau biyu yana barin jirginsa ya diro da laima cikin duhu a kan wannan hanya. A nan ne ya koyi abin da ya zame masa jari daga baya, wato auna nisan tafiya da yawan man da ke cikin tanki da kuma sa'o'in da suka rage.

Gasar da ta ci rayuka

Tun a shekara ta 1919 wani mai otal a New York, haifaffen Faransa mai suna Raymond Orteig, ya sa ladan dala 25,000 ga duk wanda ya fara tashi daga New York zuwa Paris, ko daga Paris zuwa New York, ba tare da ya sauka a hanya ba. A dai wannan shekara wasu 'yan Birtaniya biyu, John Alcock da Arthur Brown, suka ƙetare tekun Atlantika daga tsibirin Newfoundland zuwa ƙasar Ailan cikin kimanin sa'o'i 16. To amma tasu tafiyar ba ta wuce kimanin kilomita 3,000 ba, wato kusan rabin abin da ke tsakanin manyan biranen biyu. Jiragen ruwa mafiya sauri a lokacin kan yi kwana biyar zuwa shida kafin su ƙetare tekun.

Babbar matsalar ita ce nauyi. Gwargwadon nisan tafiya, gwargwadon man da ake buƙata, gwargwadon yawan mai kuma, gwargwadon wahalar da jirgi zai sha kafin ya ɗaga daga ƙasa. A watan Satumban 1926 jirgin René Fonck, gwarzon mayaƙan saman Faransa, mai injuna uku, ya kama da wuta yayin da yake ƙoƙarin tashi daga New York, mutane biyu suka hallaka. A watan Afrilun 1927 wasu hafsoshin ruwan Amurka biyu suka mutu a lokacin gwajin nasu jirgin, sannan a ranar 8 ga watan Mayu Charles Nungesser da François Coli suka tashi daga Paris, kuma har yanzu ba a gano inda suka faɗa ba. Ke nan mutane shida suka rasa rayukansu kafin Lindbergh ya shiga fage.

Shi Lindbergh ya ɗauki wata hanya dabam da ta sauran. A ganinsa yawan injuna yana ƙara yawan abin da ka iya lalacewa, yana kuma ƙara shan mai, don haka ya zaɓi inji ɗaya. Haka kuma ya ga cewa nauyin mutum na biyu gara a cike gurbinsa da mai. Wasu 'yan kasuwar St. Louis suka haɗa masa kuɗi, shi ma ya zuba dala 2,000 daga ajiyarsa, wani ƙaramin kamfani mai suna Ryan da ke birnin San Diego ya ƙera masa jirgi cikin kwanaki 60 a kan dala 10,580. Aka raɗa wa jirgin suna Spirit of St. Louis domin karrama birnin da ya ɗauki nauyinsa.

An ajiye babban tankin mai a gaban kujerar matuƙi, saboda idan aka yi haɗari kada inji da tanki su matse shi a tsakiya. Wannan ya sa ba shi da tagar gaba, sai dai ya leƙa ta gefe ko ya duba wata 'yar na'ura mai madubai. Bai ɗauki rediyo ba, bai ɗauki laimar sauka ba, kujerarsa ma ta saƙa ce mara nauyi, hatta gefen taswirorinsa sai da ya yanke. Duk wannan domin jirgin ya iya ɗaukar kimanin lita 1,700 na fetur, wanda ya fi rabin nauyin jirgin baki ɗaya a lokacin tashi.

Daga New York zuwa Paris

Da ƙarfe 7:52 na safiyar ranar Juma'a 20 ga watan Mayun 1927 ya tashi daga filin Roosevelt da ke wajen New York, bayan da aka kwana ana yayyafi, filin ya yi taɓo. Da ƙyar jirgin ya ɗaga, inda ya tsallake wayoyin tarho da ke ƙarshen filin da tazarar kimanin mita shida. Guzurinsa bai wuce burodi mai nama guda biyar da ɗan ruwan sha ba, kuma daren jiya bai samu ya runtsa ba.

Mai duban shimfiɗaɗɗiyar taswira zai zaci gabas sak za a nufa daga New York zuwa Paris. Amma da yake duniya dunƙulalliya ce, hanya mafi gajarta ita ce wadda ke karkata arewa, ta bi ta gaɓar Kanada da Newfoundland kafin ta gangaro ta Ailan, kuma ita ce kusan hanyar da jiragen fasinja ke bi har yau. Lindbergh ya kasa wannan hanya kashi-kashi, kowane kashi kimanin kilomita 160, yana ɗan sauya alƙiblarsa a kamfas kusan duk bayan sa'a ɗaya. Ba shi da abin da zai gaya masa inda yake in ban da kamfas da agogo da lissafin gudun jirgi da na iska.

Ya wuce birnin St. John's na Newfoundland dab da faɗuwar rana, daga nan kuma sai teku na tsawon kimanin kilomita 3,000. Cikin dare ya haura sama da mita 3,000 domin kauce wa gajimare, ƙanƙara ta fara taruwa a jikin jirgin har sai da ya karkata ya fita daga cikin hadarin. Da gari ya waye kuma hazo ya rufe, a wasu lokutan yana tafiya ne 'yan mitoci kaɗan a saman igiyar ruwa. To amma babban abokin gabarsa shi ne barci. Ya bar tagogin jirgin a buɗe domin iska mai sanyi ta riƙa dukan fuskarsa, kuma a littafin da ya rubuta daga baya ya bayyana cewa gajiya ta kai shi ga ganin wasu siffofi kamar na mutane a bayansa cikin jirgin.

Bayan kimanin sa'o'i 27 ya hangi kwalekwalen masunta, ya sauko ƙasa-ƙasa ya ɗaga murya yana tambayar hanyar Ailan, amma babu wanda ya amsa masa. Ba a jima ba sai ga gaɓar Dingle a kudu maso yammacin Ailan, ashe bai kauce daga hanyar da ya zana ba sai da 'yan kilomitoci kaɗan, kuma iskar da ta riƙa turo shi daga baya ta sa ya iso da wuri. Ya ratsa kudancin Ingila, ya shiga Faransa ta Cherbourg, ya sauka a filin Le Bourget da ƙarfe 10:22 na daren ranar 21 ga wata agogon Paris. Ya yi tafiyar kilomita 5,810 a kan matsakaicin gudun kilomita 173 a sa'a, da ragowar mai sama da lita 300 a tanki. An ƙiyasta cewa mutane fiye da 100,000 ne suka yi dafifi a filin, suka ciro shi daga jirgin suka ɗauke shi a kafaɗa.

Ya kamata a lura cewa Lindbergh ba shi ne ya fara ƙetare Atlantika ta sama ba, domin gomman mutane sun riga shi. Bajintarsa ita ce haɗa manyan biranen biyu kai tsaye, da kuma yin hakan shi kaɗai. Makonni biyu bayan haka Clarence Chamberlin ya tashi daga New York ya sauka a Jamus, tafiyar da ta fi ta Lindbergh nisa, amma ƙalilan ne ke tuna sunansa.

Shahara da masifa

Gwamnatin Faransa ta ba shi lambar girma, shugaban Amurka Calvin Coolidge kuma ya aika da jirgin ruwan yaƙi ya dawo da shi gida, inda miliyoyin mutane suka tarbe shi a titunan New York a ranar 13 ga watan Yuni. Mujallar Time ta zaɓe shi gwarzon shekara, kuma shi ne mutum na farko da ta taɓa ba wannan matsayi. Ya zaga jihohin Amurka 48 na lokacin da jirginsa yana jan hankalin jama'a ga sufurin sama. Yawan fasinjojin jiragen sama a ƙasar ya tashi daga ƙasa da 6,000 a 1926 zuwa sama da 170,000 a 1929, duk da cewa sababbin dokoki da kwangilolin jigilar wasiƙu su ma sun taka rawa a wannan bunƙasa.

A wata ziyara da ya kai Meziko a watan Disamban 1927 ya haɗu da Anne Morrow, 'yar jakadan Amurka a ƙasar, suka yi aure a 1929. Anne ta koyi tuƙin jirgi da aikin rediyo, ta zama abokiyar tafiyarsa wajen binciko wa kamfanin Pan American sababbin hanyoyi. A 1931 suka bi ta Kanada da Alaska zuwa Japan da ƙasar Sin. A 1933 kuma suka zaga tekun Atlantika ta Turai, suka gangaro Afirka ta Yamma, inda a watan Disamba suka tashi daga Bathurst, wato Banjul na ƙasar Gambiya a yau, suka sauka a birnin Natal na Brazil bayan kimanin sa'o'i 16.

Tsakanin waɗannan tafiye-tafiye biyu ne masifa ta afka wa gidansa. A daren 1 ga watan Maris na 1932 aka sace ɗansu na fari, mai watanni 20, daga ɗakin kwanansa a gidansu da ke kusa da Hopewell a jihar New Jersey. An biya kuɗin fansa dala 50,000, amma a ranar 12 ga watan Mayu aka tsinci gawar yaron a wani daji da ba shi da nisa da gidan. A 1934 aka kama wani kafinta ɗan asalin Jamus, Bruno Richard Hauptmann, da wani ɓangare na kuɗin, aka yanke masa hukuncin kisa, aka kuma zartar a watan Afrilun 1936, yana musanta laifin har ƙarshe. Wannan lamari ne ya sa Majalisar Dokokin Amurka ta mayar da satar mutane a ƙetare iyakar jiha laifin da gwamnatin tarayya ke hukuntawa. Takurawar 'yan jarida da barazanar da ake yi wa ɗansu na biyu suka sa iyalin suka sulale zuwa Ingila a watan Disamban 1935.

Jamus da zubewar mutunci

Daga 1936 zuwa 1938 Lindbergh ya kai ziyara Jamus sau da dama bisa buƙatar ofishin jakadancin Amurka a Berlin, domin ya duba ƙarfin rundunar mayaƙan saman ƙasar. 'Yan Nazi sun buɗe masa masana'antu da filayen jiragensu, ya kuma fito da imanin cewa babu wata ƙasa a Turai da za ta iya ja da Jamus a sama. A watan Oktoban 1938 Hermann Göring ya miƙa masa wata lambar girma da sunan Hitler. Makonni uku bayan haka aka kai munanan hare-hare kan Yahudawa da shagunansu da wuraren ibadarsu a faɗin Jamus, amma Lindbergh ya ƙi mayar da lambar duk da kiraye-kirayen da aka yi masa.

Da ya koma gida a 1939 sai ya bi sawun mahaifinsa, ya zama babban mai magana da yawun masu adawa da shigar Amurka yaƙi, musamman ƙungiyar America First. Daga cikin hujjojinsa har da cewa faɗin tekuna ya isa ya kare Amurka daga mamaya, duk da cewa shi ne ya nuna wa duniya ana iya ƙetare tekun cikin yini ɗaya da rabi. A wata maƙala da ya wallafa a 1939 ya bayyana jirgin sama a matsayin makamin da fararen fata za su kare fifikonsu da shi a kan sauran jinsuna. Bayan da shugaba Franklin Roosevelt ya soke shi a bainar jama'a a watan Afrilun 1941, sai ya ajiye muƙaminsa na kanar. A jawabin da ya yi a birnin Des Moines ranar 11 ga watan Satumban wannan shekara ya zargi Birtaniya da Yahudawan Amurka da gwamnatin Roosevelt da ingiza ƙasar zuwa yaƙi, jawabin da jaridu da 'yan siyasa na kowane ɓangare suka yi tir da shi.

Bayan harin da Japan ta kai Pearl Harbor a watan Disamban 1941 ya nemi komawa soja, gwamnati ta ƙi. Sai ya zama mai ba kamfanonin ƙera jirage shawara, kuma a 1944 ya isa fagen daga na tekun Pasifik a matsayin farar hula, inda ya shiga hare-hare kimanin 50. A can ma tsohuwar ƙwarewarsa ce ta yi amfani, domin ya koya wa matuƙa yadda za su daidaita injunansu su rage shan mai, abin da ya ƙara wa jiragen yaƙin nisan zango da ɗaruruwan kilomitoci. Masu nazarin rayuwarsa da dama sun lura cewa mutumin da lissafinsa na nisa da mai da lokaci ba ya kuskure, ya kasa auna irin mutanen da ya yi hulɗa da su a Berlin, kuma har ya bar duniya bai janye kalamansa na Des Moines ba.

Ƙarshen rayuwarsa

Sannu a hankali sunansa ya ɗan farfaɗo bayan yaƙi. Littafin da ya rubuta kan tafiyarsa ta Paris ya samu kyautar Pulitzer a 1954, a dai wannan shekara shugaba Dwight Eisenhower ya ba shi muƙamin birgediya janar a rundunar ko-ta-kwana ta mayaƙan sama. Ya ci gaba da ba kamfanin Pan American shawara, kamfanin da a watan Oktoban 1958 ya fara jigilar fasinja daga New York zuwa Paris da jirgin Boeing 707 cikin ƙasa da sa'o'i tara, har da tsayawar shan mai a Newfoundland.

To sai dai a shekarunsa na ƙarshe ya fara shakkar ko saurin da ya taimaka wajen samarwa alheri ne zalla. Ya karkata ga kare muhalli da namun daji a Afirka ta Gabas da ƙasar Filifins, ya yi fafutikar hana farautar manyan kifayen teku, ya kuma fito fili ya yi adawa da ƙera jiragen fasinja masu gudun da ya fi na sauti, saboda ƙararsu da shan mansu da illarsu ga sararin samaniya. Ya rasu a ranar 26 ga watan Agustan 1974 a tsibirin Maui na jihar Hawaii sakamakon cutar sankara, yana da shekaru 72 a duniya, bayan da shi da kansa ya tsara yadda za a haƙa kabarinsa da yadda za a binne shi.

Ya haifi 'ya'ya shida da matarsa Anne, wadda ta rasu a 2001. A 2003 gwajin ƙwayoyin halitta ya tabbatar da cewa yana da wasu 'ya'ya uku da wata mata a birnin Munich, daga baya kuma ta bayyana cewa 'ya'ya bakwai ya haifa a ɓoye da mata uku a Turai, sirrin da ya riƙe har mutuwarsa.

Shekaru uku bayan rasuwarsa, a 1977, jirgin Concorde mai gudun da ya fi na sauti ya fara jigila tsakanin Paris da New York cikin kimanin sa'o'i uku da rabi, wato kusan kashi ɗaya cikin goma na lokacin da Lindbergh ya ɗauka. An dakatar da shi a 2003 bayan haɗarin da ya yi a kusa da Paris a shekara ta 2000, ga kuma tsadar gudanarwa da ƙarancin fasinja, aka koma ga jiragen da ke yin tafiyar cikin sa'o'i bakwai zuwa takwas. Tafiya daga New York zuwa Paris ta fi dawowa sauri da kusan sa'a ɗaya, saboda iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas a saman tekun. Shi kuwa jirgin Spirit of St. Louis, tun a 1928 Lindbergh ya miƙa shi ga cibiyar Smithsonian, kuma yana ajiye a gidan adana kayan tarihin sufurin sama da ke birnin Washington.